Babu Ƙulli a Saƙar Kaka Dije

Sule, ɗan ƙanin mahaifina, shi ya ƙona kayan saƙar kakarmu a gaban jama'ar unguwarmu ta Zongo a Kwatano, ya ce kayan sammu ne, ni kuma maye ne. Da wannan na fara don kada wani ya karanta takardar nan ya ce na yi ɓoye-ɓoye. Da soja ne ya yi, ko wani baƙo daga unguwar Akpakpa da bai san ƙofar gidanmu ba, da tuni na haɗiye. Amma Sule ne, wanda muka tashi muna cin tuwo a akushi ɗaya, wanda yanzu ba ya waiwayowa sai an ce masa Kamarad Sulemanu.

Sunana Garba. Gyaran keke da mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, nake yi a bakin titi kusa da tasha. Aji uku na yi a lekol, wato makarantar boko, aka cire ni aka kai ni koyon aiki, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Abin da zan faɗa dai a miƙe yake.

Ga abin da ya ƙona. Matashi guda, dogo kamar ƙaramar ganga, cushe da busasshen ganyen ayaba. Ƙananan sanduna arba'in da takwas na baƙin itace, kowace tsawon tafin hannu, da ƙwarar kwakwar manja a gindinta don nauyi. Gwangwanin allurai masu kai. Sai kwalaye da aka huhhuda, waɗanda su ne zanen aikin. Da su ake saƙa abin da a nan Kwatano muke ce wa dantel, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce leshi, amma na hannu. A naɗa zare a wuyan kowace sanda, a manna kwali a kan matashi, a riƙa ƙetara sandunan ana murɗa su bibbiyu, ana kafa allura a ramin kwalin don ta riƙe wurin. Iyakar aikin ke nan. Ƙetara, murɗa, kafa allura.

Kaka Dije, uwar mahaifina da mahaifin Sule, a garin Ajashe ta koya tun tana amarya, lokacin kakanmu yana fataucin goro. Maƙwabciyarta wata tsohuwa ce Ba'agudiya, cikin mutanen nan da kakanninsu suka komo daga Barazil. Kaka tana kai mata ƙosai, tana tsayawa kallo, har ranar da tsohuwar ta ce ta daina tsaya mata a ka, ta wanke hannu ta zauna. Da tsohuwar za ta mutu, 'ya'yanta ba su damu da kayan ba, sai ta bar wa Kaka. Kaka ba ta taɓa sayar da ko taƙi ɗaya ba. Bakin mayafi take yi wa amaren dangi, da bakin rigar jariri ranar suna. Saura kuwa don daɗin ranta.

Da mun ci tuwo bayan magariba, sai ta sa a zuba ɓawon kwakwa a kan garwashin murhu don korar sauro. Mu yara mu kewaye wutar, ita kuma ta ja kujerarta can gefen da iskar teku ke fitowa, yadda hayaƙi ba zai bi ta kan zarenta ba. Hayaƙi yana sa zare ya yi ja, in ji ta, kuma ba ya wankuwa. Ta aje fitilar ƙwai a kan kifaffen turmi, ta ɗora matashin cikin kwando a gabanta, ta yaye farin ƙyallen da take rufe shi da shi. Ba ta cika kallon aikin ba, yatsunta ne ke gani. Sandunan suna bugun juna ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana zuba tsakuwa a ƙwarya a hankali. Har yau in na ji ƙamshin ɓawon kwakwa a wuta, sai kunnena ya kama neman wannan ƙara.

Ni da Sule muka fi matsowa kusa da ita. Na girme shi da shekara biyu. Mazajenta take ce mana, kamar yadda kaka ke tsokanar jika.

"Ga mazajena marasa cefane sun iso," in ji ta. "Ku nuna hannu."

Mu miƙa, ta shinshina.

"Wannan miyar kuɓewa ce. Wannan kuma ban san me ya taɓa ba, ba na so in sani. Ku je ku wanke da sabulu da lemun tsami, sannan ku zo mu yi maganar aure."

Dokokinta a kan kayan nan sun fi na malamin allo tsanani. Iskar Kwatano gishiri gare ta, allura ta kwana uku a waje ta yi tsatsa, tsatsa kuwa in ta taɓa zare ta bar tabo har abada. Don haka cikin garin alli take ajiye su, mu ne masu tsincewa muna gogewa. In damina ta wuce, ta farke matashin ta zubar da tsohon ganye ta cusa sabo, mu yi ta dannawa da taɓarya har ya yi tauri. Sanduna kuwa ta shafa musu man kaɗe ɗan kaɗan, ta goge, ta bar su kwana uku a inuwa kafin zare ya hau su. Ta san kowace. Akwai mai tsagu a wuya, akwai wadda ɓera ya ɗanɗana, akwai biyu da take ce wa tagwaye, ba ta yarda a raba su. Lokacin yaƙin Turawa da siririn zare ya yanke a kantuna, tsohon farin yadi ta riƙa warwarewa, ba ta fasa saƙa ba ko rana ɗaya.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta haɗa sanduna biyu ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Ga wata ta naɗo kanta a sanda." Mu ce, "A warware mana ita."

Wadda muka fi nema ita ce ta mai garin da ya hana ƙulli. Wai a wani gari na bakin tafki, mai garin ya yi mafarki wani ya ƙulle ajalinsa a igiya. Gari na wayewa ya sa aka yi shela, duk ƙullin da ke garin a kwance shi, wanda aka kama da ƙulli a bakin ransa. Aka kwance. Kwale-kwale suka bi ruwa suka tafi. Guga ta faɗa rijiya. Awaki suka shiga gonaki. Tarun masunta ya koma tulin zare. Maza kuwa, tunda an kwance mazagi, kowa yana tafiya riƙe da wando. A nan Kaka takan aje sanduna ta miƙe ta gwada mana tafiyar mai gari, hannu biyu a ƙugu, yana ba da umarni da haɓa. Mu yi ta birgima a ƙasa.

Duk da haka barci ya ƙi mai gari. Ya kira ɗan aikensa ya ce saura ƙulli ɗaya a ɓoye, ya je ya nemo, kada ya kuskura ya dawo hannu banza. Ɗan aike ya bi gida-gida bai samu ba, sai a ƙarshen gari ya tarar da wata tsohuwa da matashi da sanduna tana saƙa. Ya ce yawwa. Ta ce, "Zauna ka duba, ɗana." Ya bi aikin da yatsa tun hantsi har la'asar, zare bayan zare. Ta ba shi ruwa ya sha. Ta zare allurai duka a gabansa, aikin bai warware ba. Ya ce to me ke riƙe da shi? Ta ce, "Wannan zare ya hau wancan, wancan ya hau wannan. Ba wanda aka shaƙe."

Ɗan aike ya kama hanya, yana tafe yana shafa wuyansa. Da ya isa gaban mai gari ya ce, "Na samu." Aka zo aka ƙone kayan tsohuwa.

Washegari mai gari ya fito ya same ta zaune a ƙofar gidansa. Ta karyo sanduna daga dangarsa, ta tsinko ƙayar lemo a madadin allura, ta zaro zare daga bakin zanenta, tana saƙa. Jama'a sun taru. Ta ce, "Jiya ɗan aikenka ya duba. Yau kai za ka duba da hannunka." Mai gari ya kalli aikin, ya kalli hannayensa biyu da ke riƙe da wando. In ya duba, wando ya faɗi. In bai duba ba, gari ya gane.

"Sai me, Kaka?"

"Sai zarena ya ƙare. Yana can tsaye har yanzu."

Ni dariyar wandon nake yi. Sule kuwa ɗan aiken ne ke ƙona masa rai. Akwai ranar da ya yi kuka sosai, ya ce ai ƙarya ya yi, ai ya sha ruwanta, me ya sa ba a yi masa komai ba? Kaka ta share masa hanci da bakin zane ta ce, "Angona, kai dai ka girma mu gani."

Don ta nuna mana tsohuwar cikin tatsuniya ba ƙarya ta yi ba, ta ba mu wani guntun dantel da ta gama, ta ce duk wanda ya samo ƙulli a ciki yana da alewa. Mun yi wata da watanni muna bi. Babu. Ko a ƙarshen aiki ba ta ƙullawa, mayar da bakin zaren take yi ciki ya ɓace. Na wuyan sanda ma zarge ne, ka ja ya zame. Rannan sai ga Sule da gudu, wai ya samu. Kaka ta shafa wurin sau ɗaya ta fashe da dariya.

"Wannan ƙullin bahago ne, ga shi ya kwanta ta hagu. A gidan nan kuwa bahago ɗaya na aura."

Sule ya sunkuyar da kai. Ta ba shi alewar duk da haka, ta ce ladan wahala. Ni a ganina kuskurenta ke nan guda ɗaya a duniya.

Sule ya ci gaba da lekol har ya samu satifika, ya zama akawu a tashar jirgin ruwa. Ni na shige cikin baƙin mai. Amma ni na koyi saƙar, da farko a ɓoye, daga baya a fili, kuma da Kaka za ta rasu ni ta bar wa kayan, don matan gidan ba mai haƙurin zaman. An yi mini dariya a Zongo, wai ƙato da gemu yana aikin mata. Na ce mai dariyar ya zo ya ɗaga mobilet da hannu ɗaya sannan mu yi magana. Duk Juma'a bayan masallaci da Lahadi da yamma, in wanke hannu sau uku da toka da lemun tsami har baƙin mai ya fita daga ƙarƙashin farce, in zauna in yi abina. Ba wanda na cuta.

Sai soja suka karɓi mulki, aka ce mun zama 'yan gurguzu, aka sauya wa ƙasa suna, kowa ya zama kamarad. Bayan haka rediyo ya kama zancen yaƙi da mayu da bokaye, wai su suka danne ƙasa. Muna jin labarin ƙauyuka, ana kama tsofaffi, ana sare manyan itatuwa. Kowace unguwa da kwamitinta, Sule ne sakataren namu. Wasu unguwanni sun kai nasu, Zongo ba ta kai kowa ba, aka fara cewa Hausawa ɓoye nasu suke yi. Na ji an kira Sule biro, wato ofishin manyansa, an wanke shi tas. Kwana biyu bayan haka, ranar Lahadi, ina zaune da matashi a gabana ina yi wa babbar 'yata bakin mayafi, ya shigo da samari huɗu.

"Kamarad Garba, an kawo ƙararka."

"Yaushe na tashi daga Yaya na koma kamarad?"

Ya sunkuci matashin da hannun da bai wanke ba, sandunan suna reto suna karo da juna.

A filin bakin famfo ya tara mutane. Ya ɗaga matashin ya ce kowace allura sunan mutum ce, kowace sanda rai ne da aka rataye. Sannan ya jawo wani zare ya nuna musu ƙulli uku a jere. Musulmi kuwa ka nuna masa ƙulli a zare ka ce sammu, ba sai ka ƙara bayani ba. Na ce a ba ni zaren in duba, samarin suka riƙe ni. Amma ya wuce da shi ta gaban hancina, na gani. Duk ukun ta hagu suka kwanta. Aka zuba kananzir a kan matashin da tun ina yaro ba a bar hayaƙi ya bi ta kansa ba. Ƙwarar manja tana fashewa a wuta tau-tau, mutane suna ja da baya suna cewa rayukan ne ke fita.

Daga ranar ba mai kawo mini ko faci. Matata Hajara tana sayar da koko, ta koma dawowa da tukunya a cike. Yara suna bin 'ya'yana a lungu suna ce musu jinin mayya.

Bayan mako guda Sule ya zo da sassafe, shi kaɗai, ya tsaya a zaure. A zaure na koma Yaya.

"Yaya, ka fahimce ni. Da ban kawo wani ba, su za su zo su zaɓa da kansu, wataƙila liman, wataƙila wata tsohuwa da ba za ta iya duka ba. Kai na san za ka jure. Itace ne fa kawai da zare."

"To me ya kawo ka?"

"Ranar Asabar akwai taron unguwa. Ka tashi ka ce gado ka yi ba da saninka ba, tsohuwa ce ta karɓo a wurin Agudawa, ka tuba. Magana uku. In rubuta, a rufe takarda, kasuwarka ta dawo."

"In ce Kaka Dije mayya ce."

"Ta mutu, Yaya. Ba abin da zai same ta."

Na ce ya fita tun ban manta kakarmu ɗaya ba.

Hajara ta ji komai daga bayan labule. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce kada in yi ba, ga tukunyar kokonta nan a cike tana tsami. Da yamma na dawo na tarar ta tara busasshen ganyen ayaba a tsakar gida, ta ɗinka buhun fulawa dogo kamar ganga. Ita ma ta san tatsuniyar, ta sha jin ina yi wa yara.

Kwana biyar na rufe rumfa. Akwai gwaiba a tsohon gidanmu, inda Sule ke zaune yanzu, reshenta ya leƙo titi. Nan na saro, da rana tsaka, matarsa tana kallo. Sanduna goma sha biyu na samu, na murɗa wa kowace notin keke a gindi don nauyi. Allura na ƙi saya, ƙayar lemo na tsinko. Kwalin sukari na huda, zanen yana cikin kaina. Zaren na tela ne, mai kauri, da Kaka ta gan shi da ta ce igiyar ɗaure akuya na kawo mata.

Ina fiƙe sandunan ina juya tatsuniyar. Ina yaro na ɗauka labarin wawan mai gari ne. Da na yi gemu na ɗauka labarin wayon tsohuwa ne. Sai a kwanakin nan biyar na lura Kaka ba ta taɓa cewa tsohuwar ta yi nasara ba. Ba a mayar mata da kayanta ba, ba a taɓa ɗan aike ba, wataƙila ma washegari sun sake ƙonawa. Abin da ta yi kawai, ta ƙi a yi mata ƙarya tana ɗaki a rufe. Ta kawo aikin ƙofar gida ta ce a duba. Kaka ta san irin duniyar da take renon mu don ita, ta kuma san mazajenta biyu.

Ranar Asabar da la'asar aka taru a filin bakin famfo, baƙin tabon wutar yana nan. Sule yana bayan tebur da takarda da alƙalami a hannun hagu. Aka kira sunana. Na fito da buta da sabulu na wanke hannu a gaban kowa, na zauna a ƙasa, na yaye ƙyalle daga sabon matashin. Wata mata ta yi salati ta janye ɗanta. Daga nan filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai notin keke yana bugun notin keke. Na riga na saƙa kamar taƙi ɗaya a gida, na ƙara faɗin yatsa biyu a idonsu don su ga yadda ake yi. Sannan na zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, na ɗaga aikin sama na girgiza. Bai warware ba.

Kwana tara na yi a rufe a hannun hukuma bayan wannan, haƙorina biyu suna can. Kasuwa ta dawo rabi, wasu har yau suna tsallaka titi in sun hango ni. Tagwayen Kaka da wadda ɓera ya ɗanɗana ba za su dawo ba, kuma ban yafe ba, kada wani ya zo mini da zancen zumunci. Amma takardar Sule ba ta samu maganar nan uku ba. A ranar, kafin samarin su kai hannu jikina na isa gaban teburinsa, na aje masa aikin a kan takardar, na ce masa:

"Sule, ba kamarad nake kira ba, kai nake kira, bahagon Dije. Matar da ta share maka majina kake so in ce mayya ce. In mayya ce, jininta yana jikinka kamar yadda yake a nawa, sai ka rubuta sunanka a ƙarƙashin nawa. Wancan karon ka yi ƙullinka aka ba ka alewa, wannan karon aka ba ka tebur. Yau ba mai ba ka komai. Ga aikin nan, ga jama'a na kallo. Saki wandon ka duba."